Wa Ya Ɗauki Hoton Jazira?

Wanda ya bar Manakil ya nufi kudu maso gabas zai daɗe yana tafiya bai ga abin da ya fi bagaruwa tsawo ba. Ƙasar Jazira ta Sudan, wadda ke kwance tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu, shimfiɗaɗɗiya ce har ido ya gaji. Gangarenta bai wuce 'yan santimita a kowace kilomita ba, kuma wannan ne ya sa ruwa ke tafiya da ƙafarsa daga madatsar Sinnar har gonakin da ke kusa da Khartum ba tare da an tura shi da inji ba. Sai can yamma da Sinnar duwatsu ke ɓullowa ɗai-ɗai, irin su Jabal Sagadi da Jabal Moya. A cikin Jabal Moya akwai wani kwari da duwatsu suka kewaye, faɗinsa hekta 10 da 'yan kai, wanda sai an hau kafin a gan shi. Wannan kwarin ya sha kyamara tun kafin Yaƙin Duniya na Farko, alhali ƙauyukan Hausawa da ke zube a filin da ke ƙarƙashinsa, daga Mai Wurno har ƙasar Manakil, ba su samu irin wannan kulawa ba. A kan wannan bambanci nake so in tsaya. Ra'ayina shi ne hoton ƙasa shaida ne. Duk hoton fili ko dutse ko kogi yana faɗin wanda ke da zama a wurin da wanda ba shi da shi, ko da babu fuskar kowa a ciki. Hausawan Jazira sun daɗe suna barin wannan shaida a hannun wasu, ga shi kuwa yau kayan aikin yana cikin aljihun kusan kowane saurayi.

Mutumin da ya kai kyamara Jabal Moya shi ne Henry Wellcome, haifaffen Amurka da ya yi arziki da sayar da magani a Ingila, wanda kuma ya ba da kuɗin kafa ɗakin binciken cututtuka a Kwalejin Gordon da ke Khartum. Daga 1911 zuwa 1914 ya yi kaka huɗu yana tonon kwarin. Ya ɗauki ma'aikata da yawan gaske, har sun doshi 4,000 a kakar ƙarshe, ya buɗe musu asusun ajiya, ya sa aka gina masa wani katafaren gida da manyan duwatsu wanda har yanzu yana nan. An tono gawawwaki fiye da 3,000, aka kwashe ƙasusuwa da tukwane da duwatsun ado aka yi Ingila da su. Yaƙi ya tsayar da aikin, Wellcome bai sake komawa ba har ya mutu a 1936, rahoton kuma bai fito ba sai 1949 a hannun Frank Addison. Sai a 2017 masu bincike daga Jami'ar Khartum da Landan suka koma wurin, suka kuma samu ƙwayar dawa ta noma da shekarunta suka haura 4,000. Ashe dawar da ake tuƙa tuwo da ita a Manakil tsohuwar 'yar gida ce a wannan fili.

Abin da ya fi shafarmu a aikin Wellcome shi ne dabarar da mutanensa suka yi don su ga kwarin daga sama. Sun haɗa wani abu mai siffar akwati da siraran sanduna da ƙyalle, irin abin da yara ke yi da takarda da zare su sake wa iska, sai dai nasu ƙato ne, yana buƙatar ƙarti su riƙe igiyarsa. Idan iska ta ɗaga shi ya daidaita a sama, sai a rataya kyamara a wani ɗan keke da ke bin igiyar, ta hau, ta ɗauki hoto, a dawo da ita. Wannan na cikin karo na farko-farko da aka yi amfani da hoton sama wajen tonon kayan tarihi a duniya, kuma ɗaya daga cikin samarin da suka yi wa Wellcome aiki a lokacin, O. G. S. Crawford, shi ne daga baya ya zama jagoran wannan fanni a Ingila. Sun kuma ɗauki fim na rayuwar sansanin. Hotunan suna da kyau, ba a musu: ga kwarin kwance tsakanin falalen duwatsu, ga ramuka a jere, ga tantuna, ga layin mutane ɗauke da kwanduna. To amma a duba abin da tsayin ya yi wa mutanen. Daga sama, mai kwando ɗigo ne. Sunayen Turawan suna rubuce, ma'aikatan kuwa akasari taro ne kawai. A daidai waɗannan shekaru, tafiyar yini ɗaya ko biyu a ƙafa daga dutsen, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, yana kafa garinsa a bakin Shuɗin Nilu tare da waɗanda suka tsira daga yaƙin Burmi na 1903. Labarin wannan hijira ya iso mana galibi ta bakin tsofaffi da takardun ma'aikatan mulki, dutsen kuwa ya iso da hotuna akwati-akwati, yanzu ma suna nan a intanet kowa na iya gani. Ba ƙiyayya ce ta jawo haka ba. Mai kyamara ya nufi abin da ya dame shi, ya bar abin da bai dame shi ba, shekaru ɗari kuma suka mai da zaɓinsa ya zama abin da duniya ta sani.

Wani zai ce na ɗora wa hoto nauyin da ya fi ƙarfinsa, hoton dutse ai dutse ne kawai. Tarihin Amurka ya nuna akasin haka. A 1861 Carleton Watkins ya shiga kwarin Yosemite a Kalifoniya da wata ƙatuwar kyamara a bayan alfadarai, ya fito da hotunan duwatsu da magangarar ruwa da suka kai har hannun 'yan majalisa a Washinton. A 1864 Shugaba Lincoln ya sa hannu a dokar keɓe kwarin. Haka hotunan William Henry Jackson na 1871 suka taimaka aka mai da Yellowstone gandun ƙasa a 1872. Hoto ya sa an yi doka, ya ceci daji daga gatari, wannan alheri ne. Amma kwarin da Watkins ya nuna fayau babu kowa, shekaru goma kafin zuwansa, a 1851, wata rundunar sa-kai ta shiga ta kori 'yan asalinsa, mutanen Ahwahneechee, ta ƙone musu rumbunan abinci. Waɗanda suka dawo sun zauna a gefe har 1969, lokacin da hukuma ta rushe ƙauyensu na ƙarshe. Ansel Adams, wanda hotunansa na wannan kwari suka zama ma'aunin hoton tsauni a duniya, ya gaji wannan ido: dutse, gajimare, haske, babu hayaƙin murhu. Duk wanda ya taso yana kallon irin waɗannan hotuna zai ɗauka wurin bai taɓa samun mai shi ba, kuma idan jikokin masu shi suka zo da kuka zai ji abin baƙo a kunnensa.

Jazira ma tana da nata hoton na hukuma, kuma ya fi na Wellcome tasiri. Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925 kamfanin auduga na Turawa ya fara aiki, aka shata filin layi-layi: babbar tur'a, wato magudanar ruwa, da ƙananan da ke cin ruwa daga gare ta, da abu ishirin da ke kai ruwa ga nimra mai faddan 90, da abu sitta da ke shiga hawasha, wato gonar manomi ɗaya. A 1950 gwamnati ta karɓi aikin, hedikwata a Barakat kusa da Wad Madani. Daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon na 1960 aka yi ƙarin Manakil, wajen faddan 800,000, jimillar ta haura faddan miliyan biyu. Hoton da aka yaɗa na wannan aiki sananne ne: ƙofofin madatsa ruwa na tumbatsa, tur'a miƙaƙƙiya har ƙarshen gani, farar auduga da mai cirarta. Har kan sarki an buga da mai cirar auduga a jerin 1951. Hoton tauraron ɗan'adam na yau ma wannan labarin yake maimaitawa, gonaki dogaye a jere, kore da ruwan ƙasa. Abin da ba ya fitowa sosai shi ne kambo, wato matsugunin 'yan ƙwadago da ke maƙale a gefen tur'a ko a wani ɗan tsibirin ƙasa tsakanin nimra da nimra, inda Hausawa da Fulani da Barebari da mutanen Darfur suka zauna zuriya bayan zuriya. Da yawa daga kakanninsu alhazai ne da suka tsaya neman guzurin Makka, ko suka tsaya a hanyar dawowa. Wasu sun samu hawasha a shekarun 1930 lokacin da farashin auduga ya faɗi masu ita suka gudu, amma mafi yawa sun ci gaba da aikin lada da noman raba-daidai, a kan ƙasar da ba a rubuta da sunansu ba. Taswirar aikin ta san lambar kowace nimra. Sunan da mutanen kambo ke kiran unguwarsu da shi, da bishiyar da ake ɗaurin aure a ƙarƙashinta, da inda aka binne wanda ya fara kafa bukka, ba aikinta ba ne ta sani.

A nan ne zan juyo kan mutanenmu, domin ba duka laifin na waje ba ne. A buɗe akwatin hotunan gida, a Manakil ne ko a Kano, abin da za a tarar fuskoki ne: na fasfo, na takardar jinsiyya ta zama ɗan ƙasa, na biki, na ranar Salla, na alhaji da ya dawo. A ɗakin mai hoto kuma labulen da ake tsayawa a gabansa sau da yawa zanen tsaunin wata ƙasa ne da dusar ƙanƙara da magangarar ruwa, yanzu kuma waya na manna wa mutum irin wannan bayan da danna ɗaya. Mun adana kamannin kaka, mun bar gonar da ta tsufa a ciki. Akwai dalili. Fim yana da tsada a da, ba a ɓata shi a kan kara da laka. Ga kuma wani abu da ya fi wannan zurfi: masanin nan ɗan Ghana, Bawa Yamba, a littafinsa na 1995 kan Hausawan Jazira, ya nuna yadda jikokin alhazai da aka haifa a Sudan ke kallon kansu a matsayin matafiya da ba su ƙarasa ba tukuna. Wanda ke ganin kansa a zango yake ba ya ɗaukar hoton zango. Ina girmama wannan niyya, ba abin wasa ba ce. Amma zangon da aka yi shekara ɗari a ciki, aka haƙa masa tur'a, aka binne iyaye, ya cancanci a san kamanninsa, kuma sanin kamanninsa ba ya warware niyyar kowa.

Ƙorafi na farko da za a ji shi ne na masu son hoto kansu: me za a ɗauka a filin da babu tudu babu kwari? Wannan tunani gadon Yosemite ne, wanda ya koya wa duniya cewa sai inda dutse ya tokare sama ake samun kyau. Fili yana da nasa, sai dai yana son haƙuri da sanin lokaci. Rana tsaka tana kashe shi, komai ya zama fari fat. Da hantsi kafin rana ta ɗaga, ko bayan la'asar sakaliya, haske na zuwa a kwance, sai kowace kunya ta samu inuwa, kowane tsagin baƙar laka da rani ya dare ya fito da zurfinsa. Tudun da ake nema kuwa yana nan a bakin tur'a: lakar da injin yasa ke kwasowa daga cikin ruwa yana tarawa a gefe shekara da shekaru ta zama ganuwa, wanda ya hau ta zai ga nimra daga farko har ƙarshe. A tsaya a nan a watan Janairu, a sa layin da sama ta haɗu da ƙasa ya koma can saman hoton don gona ta samu wuri, a bar tur'a ta shigo daga kusurwa ta ja ido zuwa nesa. A gaba-gaba a samu abu guda da hannu ya taɓa, ƙofar ƙarfe ta raba ruwa da tsatsarta, ko buhun auduga da aka ɗinke baki, ko jakin da aka ɗaure da jarkoki. Can baya rufin kambo da hasumiyar ƙaramin masallaci, belbelu kuma na bin inda aka saki ruwa. Da damina a juya lissafin, a ba sama kashi biyu cikin uku, domin hadarin Jazira idan ya taso daga kudu babu abin da ke tare shi, ana ganinsa tun daga gindinsa. Waya mai arha tana iya wannan duka, muddin an goge idonta da gefen riga, an riƙe ta a kwance, an kuma matsa da ƙafa maimakon a ja hoton da yatsa.

Ina kuma ganin aikin na iyali ne, ba na mutum ɗaya mai rataye da kyamara ba. Hutun mako a Sudan Juma'a da Asabar ne, kuma fita bayan gari da shayi da tabarma ba baƙon abu ba ne. Abin da ya rage shi ne a fita da dattijo. Saurayi yana da waya da ido, amma kaka ce ta san cewa wannan kwazazzabon da ruwa ke kwanciya nan ne aka fara sauka, kawu ne ya san shekarar da tur'a ta ɓalle ta ci gidaje. Idan aka yi tafiyar sa'a biyu a ƙafa a bakin ruwa, yaro na tambaya, tsoho na nunawa da sanda, hoton da za a dawo da shi yana da suna da labari a maƙale da shi. Idan hali ya yi, hanya ta yi lafiya, a je har Jabal Moya, wanda layin dogon Sinnar zuwa Kosti ya bi ta gindinsa, a hau da sanyin safiya, a shiga kwarin a ga gidan duwatsun Wellcome. Sannan a juya baya ga kwarin a fuskanci filin. Wannan juyawar ita ce abin da nake roƙo. Daga kan dutsen ana hango ƙauyuka da garken shanu da hanyoyin da aka bi da ƙafa aka shigo ƙasar, kuma hoton da ɗan gida ya ɗauka daga nan, ya san sunan abin da yake hange, ya bambanta da na wanda ya ɗaga kyamara da igiya, ko da tsayin ɗaya ne.

Ƙorafi na biyu na malamai ne, kuma ba zan raina shi ba, domin waɗannan garuruwa ne na allo da tawada. Malamai sun yi saɓani a kan hoton kyamara na abu mai rai, wasu sun halatta, wasu sun taƙaita shi ga lalura. Amma hoton ƙasa shi ne inda saɓanin ya fi sauƙi. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mai sana'ar zane ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas, ya gargaɗe shi game da surar masu rai, ya kuma nuna masa cewa in ba makawa ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Suratul Gashiya kuma ta jero duwatsu da shimfiɗar ƙasa cikin abubuwan da ake so bawa ya duba ya yi tunani, kuma wanda ya tsaya a kan Jabal Moya yana da su biyun a gabansa. Wanda bai yarda da sa mutum a hoto ba, sawun mutum ya ishe shi: rumbu, rijiya, alluna jingine da bango, tokar wutar makarantar dare, kushewun da aka jera wa duwatsu. Wanda ya yarda kuma, ladabi na nan a kansa. Ba a ɗaukar matar wani tana wanki a bakin tur'a, ba a ɗaukar mai ƙwadago ba da izininsa ba, ko da daga nesa ne. Idan muka yi wa junanmu abin da muke kuka an yi wa masu kwandunan Wellcome, ba mu gyara komai ba.

Ƙorafi na uku ya fi sauran nauyi. Za a ce hoto ba takardar fili ba ne, alƙali ba zai ba ka gona don ka nuna masa ita a waya ba, kuma a ƙasar da maganar asali ke zubar da jini, tara shaidar zama tamkar tara makami ne. Rabin farko gaskiya ne. Rabi na biyu yana buƙatar a yi masa adalci. Dokar 1948 da ta fayyace wane ne ɗan Sudan, da dokar ɗan ƙasa ta 1957 da ta biyo ta, sun nemi mutum ya nuna shi ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897, ranar da ta bar waɗanda suka iso bayan Burmi a waje. An sassauta daga baya, har dokar 1994 ta mai da ma'aunin zuwa 1956, amma tambayar “yaushe kuka zo” ba ta mutu ba. A watan Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu maƙwabtansu kan sarautar gargajiya da ƙasa, ya sake tashi a Oktoba a yankin Wad al-Mahi, ɗaruruwa suka mutu, dubun dubata suka bar gidajensu. Wanda ya ga wannan yana da hujjar tsoron duk abin da zai ƙara kaifin “namu ne”. Amsata ita ce hoton gaskiya na Jazira ba ya iya cewa “namu ne mu kaɗai”, sai an yi masa ƙarya. Tur'ar da ta bi ta bayan kambo ita ce ta bi ta gaban ƙauyen Larabawa masu hawasha. Kasuwar da Bahaushe ke sayar da tsire da albasa ita ce makiyayi ke kawo wa raguna. Wanda ya buɗe idon kyamara da faɗi dole maƙwabci ya shigo. Hoton da ke da haɗari shi ne wanda aka yanke gefensa, irin na Watkins, kuma maganin yankakken hoto shi ne cikakke, ba rashin hoto ba. Jita-jita ce ke cewa waɗannan jiya suka zo, ko waɗancan ba su taɓa zama tare da mu ba, a nan kuwa gani ya kori ji.

Sai maganar yaƙi, wadda ba a iya tsallake ta. Tun Afrilun 2023 Sudan ke cikin wuta. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin gwamnati a Disamban wannan shekara, sojoji suka karɓe ta a Janairun 2025, Manakil kuma ta cika da waɗanda suka gudo. Jabal Moya kansa ya zama fagen daga saboda hanyoyin Sinnar da Rabak da Manakil da suka haɗu kusa da shi: RSF ta kama shi a ƙarshen Yunin 2024, sojoji suka ƙwace a farkon Oktoba. Mutanen kambo sun sha zargi da farmaki a tsakanin ɓangarorin. A irin wannan hali, hoton gada ko madatsa ko shingen bincike a cikin waya na iya jawo wa mutum abin da ba ya fita, kuma tun kafin yaƙi ma hukuma ta hana ɗaukar irin waɗannan wurare. Inda aka yi faɗa kuma akan bar harsasai da bama-baman da ba su fashe ba, ba wurin kai yara ba ne sai masu aikin sun share. Babu hoton da ya kai ran mutum, kuma ba na kiran kowa ya fita yau inda fita ganganci ne. Amma wanda ya ce a bar maganar gaba ɗaya har sai duniya ta zauna, ya duba yadda ƙasar ke canja kama a gabansa. Ƙaramin jirgin ƙasan Jazira, wanda ya shekara da shekaru yana jan auduga zuwa injinan gurza na Maringan da Hasahisa, an wargaza shi bayan dokar aikin Jazira ta 2005, yaran yau sai dai a nuna musu inda layin ya bi. Da aka ƙara wa madatsar Rusairis tsawo, aikin da aka buɗe a farkon 2013, ruwa ya haye ƙauyukan bakin kogi, aka mai da mutanensu sababbin garuruwa masu lamba maimakon suna. Duk wanda ya ɗauki hoton tsohon gaɓar kafin ruwa ya zo yana riƙe da abin da ba za a sake ɗauka ba har abada. Yaƙi yana yin wannan aikin cikin dare ɗaya. Bishiyar ƙofar gida da bayan masallaci da gonar da ke bayan katanga ba sirrin soja ba ne, kuma su ne abin da mai gudun hijira ke nema ya nuna wa ɗansa.

Ɗauka kuwa rabin aiki ne. Hotunan Wellcome sun rayu ne saboda an rubuta musu lamba da kwanan wata an ajiye su inda gara da gobara ba sa kai wa, haka ma tarin hotunan ma'aikatan mulkin mallaka da Jami'ar Durham ke tarawa tun 1957. Na 'yan ƙasa ba su cika samun wannan gata ba. Gadalla Gubara, wanda ya shekara fiye da hamsin yana ɗaukar Sudan a fim da hoto, hukuma ta rushe ɗakin aikinsa a Khartum a 2008, sai da 'yarsa ta tashi tsaye aka ceto wani kaso na fina-finan aka kwafe su a Jamus. Shirin Sudan Memory ya kwafe dubban takardu da hotuna kafin 2023, kuma bayan abin da yaƙi ya yi wa gidajen tarihi da ɗakunan ajiya na Khartum an ga amfanin wannan kwafi. Waya ta fi duk waɗannan rauni, ana sace ta, ana ƙwace ta a shinge, tana faɗawa ruwa, katin ajiyarta na mutuwa ba sallama. Don haka daga kowace fita a zaɓi hotuna kaɗan, biyar ko goma, a wanke su a takarda in akwai hali. A bayan kowanne a rubuta sunan wurin yadda mutanen wurin ke faɗinsa, da boko ko da ajami, da sunan da hukuma ta san shi da shi, da lambar nimra in gona ce, da rana da wata da shekara, da inda mai ɗauka ya fuskanta, gabas ko yamma, da sunan dattijon da ya ba da bayani in ya amince. A tura kwafi ga ɗan'uwa a wani gari, Gadarif ko Port Sudan ko Jidda ko Kano, tare da bayanin a rubuce, kada a tura hoton tsirara. Bayan shekara ɗaya a koma daidai inda aka tsaya, a wata ɗaya, a sake ɗauka, domin hoto biyu na wuri guda suna nuna ko tur'a ta cushe, ko bagaruwa ta ragu, ko kambo ya samu tankin ruwa.